Abin da Kawu Ya Ɗinke Cikin Laya

Tun ina ƙarami aka san ni da baki. Inna takan ce in tana son magana ta karaɗe garinmu Kafin Dafga kafin la'asar ba ta buƙatar mai shela, sai ta kira ni gefe ta faɗa mini, ta ce kada in gaya wa kowa. Ban taɓa jin haushin wannan zolaya ba, don gaskiya ce. Ga ni kuma da saurin fushi, abu kaɗan sai in hau. To, mutum irin wannan ne aka ɗora wa magana ɗaya ya riƙe ta shekara goma sha ɗaya, kuma ya riƙe. Har yau in na tuna nakan yi mamakin kaina.

Dangin Inna mahauta ne kaka da kakanni. Ni kaɗai aka ɗauka makarantar boko a cikinmu, har na zama malamin elementare a Karaye, lokacin Turawa sun fara maganar tafiya amma ba su tafi ba. Kawu ƙanen Inna ne, autansu. Uwarsu ta rasu yana nono, Inna ce ta goya shi, ta yaye shi da kunu, don haka ba ta ɗauke shi ƙane ba, ɗa ta ɗauke shi. Mutum ne marar magana, mai tsabta fiye da kima. Wuƙarsa kullum a wanke, teburinsa a kankare. Yana da 'ya'ya mata uku, babbar an riga an kawo kayan sa rana.

A wata kaka aka sace wa wani mutumin Rogo Ruma bijimin sa da hantsi, a bakin fadama. Bayan kwana uku aka ga fatarsa a shanye a bayan gidan Kawu, da tabon lalas ɗin mai shi a cinya, ba musu. Kawu bai yi gardama ba. Ya ce ya sayi san ne a hanya, hannun wani baƙo, ba dillali ba shaida. Wannan kaɗai ya isa a ɗaga gira, don mahauci mai hankali ba ya sayen dabba babu dillali. Da aka je gaban alƙali aka tambaye shi ina yake da hantsin ranar da aka yi satar, kuma wace hanya ce ya haɗu da baƙon. Sai ya yi gum. Aka juya tambayar ta kowace fuska, bai ce uffan ba. Ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai faɗi gaskiya ba. Ni ban ga laifin alƙali ba: ga fata, ga mai sa da shaidunsa, ga wanda ake tuhuma ya ƙi buɗe baki. Aka yanke masa ɗauri, aka wuce da shi Kano.

Inna ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Sarkin Pawa, wato shugaban mahautanmu, ya tara mutanensa suka ce ba za a bar abin haka ba, don in sunan ɗaya ya ɓaci na duka ya ɓaci. A zamanin lauya ba ya tsayawa gaban alƙali, sai in an ɗaukaka ƙara ta bi matakanta har ta kai babbar kotu, inda Bature ke zama. Aka bi, aka sha wuya, ta kai. Mahautan birni suka haɗa mu da wani lauya Bayarabe mai ofis a Sabon Gari, wanda Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Da yake ni ke jin Turanci, aka ce ni ne tafinta. Na ɗauki hutu, muka hau bayan motar gyaɗa, ni da Sarkin Pawa da dattawa biyu.

A wani ɗan ɗaki na gidan yari muka haɗu. Aka shigo da Kawu ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Sarkin Pawa ya fara gaisuwa yadda ta kamata, ya tambayi lauya gajiya da iyali da aiki da sanyi, ni ina juyawa, shi kuma yana amsawa yana satar kallon agogonsa. Da aka gama, Sarkin Pawa ya gyara zama zai fara bayani a madadin Kawu. Haka muka saba: ba a zuwa gaban babba kai kaɗai, kuma in ga dattijonka a wurin shi ke magana, kai sai dai ka sunkuyar da kai ka ce haka ne. Kafin ya kai ƙarshen jimlar farko lauya ya ɗaga hannu, ya ce da ni in gaya musu duk su fita, a bar shi da mai ƙara, wato Kawu, da tafinta.

Yaya zan dubi mutumin da ya yanka ragon sunana in ce masa ya fita? Na yi ta kwana-kwana, na ce wai Yallaɓai yana ganin ɗakin ya yi zafi, ko Sarki zai ɗan sha iska a waje. Sarkin Pawa ba yaro ba ne. Ya dube ni, ya dubi lauya, ya tattara babbar rigarsa ya miƙe, dattawan suka bi shi. Tun daga ranar bai ƙara kirana Malam ba, sai dai ɗan boko.

Da aka rufe ƙofa lauya ya yi bayani a hankali. Ya ce ya fitar da su ne don akwai wata doka da ke kare duk abin da mai ƙara ya faɗa wa lauyansa a keɓe, amma in an faɗe shi gaban jama'a kariyar ta tafi. Ya kira dokar da wata kalma ta Turanci da na sani a littafi, amma ban taɓa neman ta da Hausa ba. Ni kuma da ba na son a ga gazawata, sai na cafko abin da ya fara zuwa bakina. Na ce, "Kawu, ya ce tsakaninka da shi akwai asiri."

Kawu ya ja da baya har bencin ya yi ƙara. Ya ce shi ba ya cikin wannan. Ya ce in da asiri za a fitar da shi, a binne wa mai sa wani abu ko a juya wa alƙali tunani, to gara ya ƙarasa ɗaurinsa, ya gode. Lauya yana ta kallonmu bai san me ya faru ba. Da na gane ɓarnar da na yi na bayyana masa cewa kalmar da na ɗauko tana nufin abin da aka ɓoye, tana kuma nufin aikin boka, sai ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni ban yi dariya ba, kunya ta ishe ni. Na sake cewa, to ba asiri ba, sirri. Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sirri? Kana zaune a nan?"

Wallahi ta shige ni. Amma na juya wa lauya ita yadda take, har da cewa a garinmu ni ne mai shela marar ganga. Lauya ya daina dariya. Ya ce in gaya wa Kawu haka: maganar da zai faɗa kayansa ce, ba ta lauya ba. Lauya riƙewa kawai yake yi. Ba ya da ikon ba kowa ita, ko ɗan sanda, ko alƙali, ko Gwamna, kuma ba wanda ke da ikon ƙwace ta daga hannunsa. Mai ita kaɗai ke iya cewa a buɗe, ko bayan an gama shari'a, ko bayan shekaru. Ya nuna ni da alƙalami ya ce tafinta kuwa kunnensa ne kuma harshensa ne, abin da ya ɗaure shi ya ɗaure ni. Ina jin ya ce kayan wani a hannunka, sai kalmar ta faɗo mini da kanta. Na ce, "Kawu, amana ce. Ajiya za ka ba mu."

Sai ya tambaye ni, ni ba lauya ba, ko na ɗauka. Na ce na ɗauka. Bai sa ni rantsuwa ba, kuma da ya sa ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai wata laya da ke ɗaure a damtsensa, masu gadi sun bar masa ita don ba mai son taɓa layar mahauci. Ya kwance ta, ya ja zaren da haƙori, ɗinkin na sama-sama ne. Ba rubutu a ciki. Wani kati ne mai ruwan ƙasa, an ninke shi huɗu, da layuka da kwanan wata da sa hannu a gaban kowane. Kafin in gama karanta kan katin Kawu ya juya mana baya ya ɗage riga. A ƙasan kafaɗarsa akwai wani tabo kamar faɗin tafin hannu, ya fi sauran jikinsa haske. Ya ce in ɗauki allurar da ke maƙale da takardun lauya in soka. Na soka. Ya ce in ƙara. Na ƙara har jini ya ɗan tsattsafo, bai ko motsa ba.

Kuturta ce, farkonta. Shi bai kira sunanta ba, ciwon nan kawai yake cewa. Ba zan ɓoye abin da na yi ba: na ja kujerata baya. Kaɗan ne, bai kai taki ɗaya ba, amma ya ji ƙarar, kuma bai juyo ba.

Ashe kusan shekara guda ke nan yana zuwa wani ɗakin shan magani can bayan Falgore, inda ba wanda ya san shi, yana karɓar ƙwaya. Ya tsallake na kusa da mu da gangan. A gida yakan ce ya tafi ruga duba dabbobi. Malamin asibitin ya gaya masa an kama abin da wuri, in ya dage zai warke ba tare da ya rasa ko yatsa ba, kuma mai shan ƙwayar ba ya shafa wa kowa. Ranar da aka saci san yana can a layi tun fitowar rana har azahar, ga kwanan watan a kati, ga sa hannu. A hanyar dawowa ya haɗu da baƙon, ya ga sa mai kyau, ya ga kuma abin da zai shiga gari da shi a yarda daga ruga yake. Ya saya.

Lauya ya buga tebur don murna. Ya ce shari'a ta ƙare, wannan katin da malamin asibitin sun isa, ko minti goma ba za a yi ba. Na juya wa Kawu maganar da sauri. Sai ya miƙa hannu ya karɓi katinsa, ya fara ninkewa. Ya ce a'a.

Ya ce in aka karanta wannan a kotu, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Wa zai ƙara sayen nama daga hannunsa? Wa zai ci tuwon matarsa a gidan biki? Kayan sa ranar babbar 'yarsa za a aiko a karɓe, ƙannenta biyu kuma su tsufa a ɗaki, don za a ce abin a jini yake. Ya ce wanda aka kira ɓarawo, in ya yi haƙuri mutane sukan gaji su dawo, don suna son nama mai kyau. Wannan kuwa ko ya warke ba za a taɓa cewa ya warke ba.

Nan fa na hau. Na manta da lauya, na manta ni tafinta ne, na ce masa wannan wauta ce, Inna tana can ba ta ci ba ta sha, shi yana nan yana ninke takarda. Na ce in shi ba zai faɗa ba ni zan faɗa. Lauya bai ji Hausar ba amma ya ga fuskata. Ya dafa hannuna ya ce shi ma yana ganin kuskure ne, kuma ya gaya wa mai ƙara ƙarara cewa ba katin ba zai iya yi masa alkawarin komai ba. Amma shawara tasa ce, magana ta mai ita ce. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa yanzu ya nemi wani tafinta, ko da yake abin da na riga na ji ya riga ya hau kaina. Kawu kuwa ɗinkinsa kawai yake mayarwa da allurar da na soke shi da ita.

A mota Sarkin Pawa ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ba ni da izinin faɗa, ya juya mini ƙeya har Karaye. Inna ta tambaya na ce lauya yana aiki. Na yi kwana biyu lafiya, har na fara yaba wa kaina. Rana ta uku ina zaune a rumfar mai shayi wani ɗan tireda ya ce ai duk mahauci ɓarawo ne, wannan dai rana ce ta ɓace masa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ƙarya kake. Ni na san inda yake ranar, kuma ko kusa da Rogo Ruma bai je ba." Ina rufe baki na san na yi ta. Kowa a rumfar ya juyo.

Ban faɗi inda yake ba, wannan kam Allah ya tsare. Amma na faɗi cewa na sani, kuma ashe wannan ma rabin amanar ne. Kafin magariba Inna ta aiko a kira ni.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika kallon idona ba. Ranar ta kalla. Tana zaune a kan tabarma da faifai a cinya, ba komai a cikinsa. Ta ce ta ji abin da na faɗa a kasuwa, yanzu in faɗa mata sauran. Na ce amana ce. Ta ce amanar wa ta wuce ta, ita da ta goya shi ta kuma haife ni? Na ce shi ya ba ni, shi kaɗai zai karɓa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. Na durƙusa kaina a ƙasa, maganar tana bakina, kalma ɗaya ce tak. Ina ta gaya wa kaina cewa ai Inna ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai na tuna haka ni ma nake cewa duk lokacin da zan kwashe maganar wani in kai gaba. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ko za ki tsine mini ba zan faɗa ba."

Ba ta tsine mini ba. Ta ce to ta gane. In wurin da ya je wurin arziki ne da an faɗa. Ko dai ya saci san ni kuma ina rufa masa, ko kuwa abin da ya je yi ya fi sata muni. Ko wanne ne, ya zubar da sunan ubansu. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Maganar rumfar shayi ta bi ta Rogo ta isa kunnen mai sa, daga nan ta isa Kano. Ranar shari'a ina zaune a bayan lauya, sai mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ya samu labarin akwai wani a ɗakin nan da ke yawo yana cewa ya san inda mai laifi yake ranar satar, yana roƙon a kira shi ya faɗa. Ya nuna ni. Na riga na yanke a raina cewa in aka tsayar da ni zan yi irin ta Kawu, a haɗa mu a ɗaki ɗaya. Lauya ya miƙe ba gaggawa, ya ce wannan tafintansa ne, duk abin da ya sani a ɗakin ganawa da mai ƙara ya ji shi. Baturen ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko na san wani abu game da ranar ta wata hanya dabam. Na ce a'a. Ya ce to ba mai tambayata, a ci gaba. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba: mutum mai ikon ɗaure ni, ya san amsar tana bakina, ya ce ba shi da hurumin taɓa ta.

Lauya ya yi aikinsa ba kati. Ya nuna ba wanda ya ga Kawu a fadama, ba wanda ya gan shi yana jan sa daga Rogo Ruma, kuma shirun mutum ba shaida ba ne a kansa. Aka yi kwana biyu ana ja, a ƙarshe aka sallami Kawu. A bakin kotu lauya ya ja ni gefe, ya ce doka ta iya hana alƙali tambayata, amma ba ta iya bina rumfar shayi ta rufe mini baki, wannan aikina ne. Ban ƙara ganinsa ba tun daga ranar, ban kuma manta ba.

Kotu ta saki Kawu amma gari bai wanke shi ba. Aka ce lauya ne ya fitar da shi da wayon Turanci. Watanni teburinsa ba kowa sai ƙuda. Ranar kasuwar farko da ya hura wuta, na je na tsaya a gabansa da gangan, inda kowa zai gan ni. Ya zaro tsinken tsire, ya barbaɗa ƙuli da hannunsa, ya miƙo mini yana kallona. Ni da shi mun san abin da yake tambaya, maganar kujerar nan ce. Zuciyata ta tashi, ba zan yi ƙarya ba. Na karɓa na cinye a tsaye, na ce ya ƙara mini biyu.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Mutane suka gaji suka dawo ɗaya-ɗaya, don ba mai nama irin nasa. Aka ɗaura auren babbar, aka yi na ta biyu, aka yi na autar. Ya ci gaba da tafiya rugarsa ta bayan Falgore, wani lokaci ni ke ba shi aron keke, ba ya cewa komai ba na tambaya. Turawa suka tafi. Tabon ya dushe har ya ɓace, malamin asibiti ya sallame shi. Na ce to yanzu fa? Ya ce 'ya'yansa suna gidajen mutane, surukai kuma ba su san warkewa ba.

Inna kuwa ba ta sauko ba. Ta je bukukuwan 'ya'yan don ba laifinsu, amma ba ta ƙara taka zauren Kawu ba, in ya aiko da nama ranar salla sai ta bayar sadaka. In ya zo gaishe ta takan amsa daga cikin ɗaki, a taƙaice. Ni tana yi mini magana, amma ta daina zolayata da maganar shela, kuma ba abin da na yi kewa kamar wannan. Sau nawa na zo bakin faɗa? Ba adadi. Na koyi tashi daga majalisa in an ɗauko zancen. Na koyi cizon leɓe. Matata ta ce na zama wani iri, na ce tsufa ne.

A shekara ta goma sha ɗaya Inna ta kwanta, ciwon da kowa ya ga ba na tashi ba ne. Wata safiya na same ta ta ɗan farfaɗo, ta ce a raba 'yan kayanta, ta lissafa kowa, ba ta ambaci Kawu ba. Na hau keke na same shi a mahauta yana wanke wuƙa. Na ce, "Kawu, ban zo neman izini ba, kuma ba zan buɗe ba ko ta tafi a haka. Amma kayanka ne, kai kana iya buɗewa. Yayarka ba za ta kai Juma'a ba."

Ya gama wanke wuƙar, ya goge, ya sa a kube. Na ɗauka shi ke nan, har na juya keke raina a ɓace. Sai na ji ya ce in jira shi ya sa riga.

Muka shiga da hantsi, ya ce matan da ke jinya su ba mu wuri, ya sa na saki labule. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, na kawo miki inda na je." Ta juyar da kai bango. Layar tana nan a damtsensa, fatar ta yi baƙi, wannan karon ɗinkin ya kama don an daɗe ba a farke ba, sai da ya sa wuƙa. Ya miƙo mini katin, don Inna ba ta karatun boko, shi ma haka. Na sake zama tafinta. Na karanta kan katin, na faɗi sunan ciwon da bakina, na karanta kwanan watan ranar da aka saci san, na ce daga fitowar rana har azahar.

Inna ta juyo ta ce a ina. Ya juya mata baya ya ɗage riga, ya kai hannu ya nuna wurin, ba abin da ya rage sai ɗan ɗigon da allurata ta bari. Ni da na ja kujera ina tsaye ina kallo, ta ɗaga hannunta da ƙyar ta ɗora a wurin, ta bar shi a nan. Ta ce, "Auta, da ka gaya mini ai ni zan riƙa raka ka." Kawu ya kifa kai a bakin gadon, kafaɗunsa suna girgiza.

Na juya zan fita in ba su wuri, ta ce kai wannan, tsaya. Ta tambaye ni ko tun ranar Kano na sani. Na ce tun ranar. Har ranar da ta yi kuka? Na ce har ranar. Ta dube ni irin kallon da ta yi mini a kan tabarma, sai na ga bakinta ya ɗan motsa.

Ta ce, "Ashe kana iya yin shiru."

Ta rasu ranar Alhamis. Kawu ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Katin yana wurina, shi ya ba ni da hannunsa kafin nasa lokacin ya zo, ya ce in jikokinsa sun yi jikoki in faɗa wa wanda na ga dama. Sun yi.